Hukuncin Sauke Bidiyo Da Karatu Daga Intanet Don A Kalla Ko A Saurara Daga Baya

Tambaya:

Ni manomi ne a wani ƙauye da ke tsakanin Tudun Wadan Dankadai da Doguwa, kuma sabis ɗin waya ba ya zama a wajenmu. Idan na shigo gari nakan sauke tafsiri da wa'azi daga YouTube da Facebook, in saurara a gona, in kuma tura wa iyalina. Wani ya ce min wannan sata ce. Sannan ƙanena yana son buɗe shagon turi a kasuwa. Mene ne hukuncin waɗannan abubuwa biyu?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, ita saukewa a karan kanta hanya ce, kuma ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi. Ko lokacin da kake kallo kai tsaye, wayarka tana janyo bidiyon ne gutsure-gutsure, ta nuna maka, sannan ta zubar. Idan ka sauke, ka ajiye abin da da za ta zubar ne kawai. Saboda haka abubuwa uku ake dubawa kafin a yanke hukunci: abin da ke cikin bidiyon, haƙƙin mai shi, da abin da za ka yi da shi bayan ka ajiye.

Na farko: abin da ke ciki

Duk abin da ya halatta ka kalla ko ka saurara, ya halatta ka ajiye shi, matuƙar babu haƙƙin wani a kansa. Karatun Alƙur'ani, tafsiri, hadisi, fiƙihu, darasin noma ko kiwon lafiya, duk suna cikin wannan, har ma akwai lada idan niyya ta yi kyau. Abin da kuwa ya haramta ka kalla, kamar tsiraici da batsa da zagin bayin Allah, ajiye shi ya fi muni, domin wanda ya ajiye saɓo ya ƙudurta komawa gare shi. Allah ya umarci muminai maza da mata da runtse ido a Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, kuma ya sanar da mu a Suratul Isra'i, aya ta 36, cewa za a tambayi bawa game da jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Ka tuna kuma waya takan faɗa hannun yaro, kuma ranar da mutum ya rasu magadansa ne za su buɗe ta.

Na biyu: haƙƙin mai shi

Nan ne maganar da aka faɗa maka take da gaskiya ta wani ɓangare. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, ta yi zamanta na biyar a Kuwait a watan Disamba na 1988, daidai da shekarar 1409 bayan Hijira, ta yanke a ƙudurinta mai lamba 43 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare, masu su suna da ikon sarrafa su, kuma bai halatta a keta su ba. Dalilinsu shi ne a al'adar mutanen wannan zamani waɗannan haƙƙoƙi sun zama dukiya, ana saye ana sayarwa. Allah ya hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kuma ya zo a hadisi cewa dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa. A Najeriya ma akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023.

Bisa wannan, abin da ke intanet ya kasu kashi uku.

Kashi na ɗaya shi ne wanda mai shi ya ba da izini, ko da baki ko da al'ada. Mafi yawan karatun malamanmu yana nan. Tun zamanin kaset ake kwafar tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da na Sheikh Nasiru Kabara, daga baya na Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, Allah ya jiƙansu, ana ba wa juna. Malamin da ya zauna a masallaci ya karantar, ɗalibansa suka ɗora kyauta, burinsa karatun ya isa inda ƙafarsa ba ta je ba. Abin da al'ada ta tabbatar kamar sharaɗi ne da aka furta. Don haka abin da kake yi, na sauke wa'azi ka saurara a gona ka tura wa iyali, ba sata ba ne, alheri ne.

Kashi na biyu shi ne wanda ake sayarwa ko ake biyan kuɗi kafin a kalla, kamar darussan da malami ko makaranta suka killace wa masu biya, ko karatun da aka kashe kuɗi aka naɗa don a sayar. Wannan bai halatta ka fasa makullinsa ka kwashe ba, ko ka biya kai kaɗai ka raba wa jama'a. Ranar da ka yi rajista ka amince da sharuɗɗansu, kuma Allah ya yi umarni da cika alkawura a farkon Suratul Ma'ida. Babu bambanci ko mai haƙƙin Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Mutanen Kano sun ga yadda satar fasaha ta taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan CD, jarin mutane da yawa ya narke.

Kashi na uku shi ne wanda aka sake kyauta, amma mai shi yana samun kuɗi ta tallace-tallacen da ke fitowa idan an kalla. Manhajar YouTube tana da maɓallin saukewa a kan bidiyoyi da yawa, bidiyon ya zauna a cikin manhajar ka kalla ba tare da data ba. Wannan da izininsu ne, babu komai a kansa. Amma janye bidiyon da wata manhaja ta daban ya saɓa wa sharuɗɗan kamfanin. A nan malamai sun yi saɓani: wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun sauƙaƙa ga wanda ya sauke abu mai amfani don kansa, ba don ciniki ba, musamman mai buƙata irinka wanda sabis ba ya isa wurinsa. Abin da ya fi kuɓutar da kai shi ne ka yi amfani da maɓallin da suka tanada, ko ka nemi karatun a shafukan malamai da zaurukan Telegram da WhatsApp inda aka ajiye shi don a sauke.

Na uku: abin da za ka yi da shi

Kada ka ɗauki karatun wani ka goge sunansa ka ɗora a shafinka don ka ci kuɗin talla. Wannan ha'inci ne. Kada kuma ka yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu, ka cire abin da ya gabata da abin da ya biyo baya, har maganar malami ta juye. Gaba mai yawa tsakanin almajiran malamai daga irin wannan yanke-yanke ta taso, kuma yin haka ƙage ne ko da muryar tasa ce. Idan irin wannan guntu ya zo maka, ka nemi cikakkensa kafin ka tura, kamar yadda aya ta 6 a Suratul Hujurat ta koyar. Haka nan bai halatta ka sauke da Wi-Fi ɗin maƙwabci ko na wurin aiki ba tare da izini ba. Idan kuma garaɓasar datar dare kake jira, kada ta sa ka makara sallar Asuba.

Ke ma 'yar'uwa, idan an turo miki bidiyon biki ko walima da matan mutane a ciki cikin kwalliya, amana ce. Kada ki ajiye shi inda maza za su gani, kada ki tura wa wani sai da yardarsu.

Game da shagon turi

Asalin sana'ar halal ce. Kuɗin da ƙanenka zai karɓa ladan aikinsa ne da datarsa da wutarsa da kwamfutarsa, kamar yadda masu kwafar kaset suke karɓa a da. Mutumin Riruwai ko na ƙauyukan bakin dajin Falgore da ya shigo kasuwa ya cika memorinsa da tafsirin Ramadan ya amfana, wanda ya tura masa kuma yana da rabo a ladan. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mai kira zuwa shiriya yana samun kwatankwacin ladan waɗanda suka bi shi, mai kira zuwa ɓata kuma yana ɗaukar kwatankwacin zunubinsu. Sai ya kiyaye sharuɗɗa uku: kada ya tura batsa da abin da Shari'a ta hana, kada ya sayar da abin da masu shi suka killace sai da yarjejeniya da su, kada kuma ya leƙa ko ya kwashi hotuna da sirrin da ke cikin wayoyin mutane. Ka gaya masa gaskiya tun yanzu: masu neman haramun za su zo da yawa, wata rana ma su fi masu neman wa'azi. Idan ya san ba zai iya mayar da su ba, ya nemi wata sana'ar, ko ya haɗa da cajin waya da sayar da kati don kada ƙarancin ciniki ya karya masa zuciya.

Wanda ya riga ya tara haramun a wayarsa ya goge shi ya tuba. Wanda ya ci kuɗi da haƙƙin wani ya nemi mai shi ya biya ko ya nemi yafiya. Idan ya nema bai same shi ba, ya yi sadaka da kwatankwacin abin da ya ci da niyyar ladan ya je wa mai haƙƙin.

Allah ne mafi sani.