Tilingit da Haida: Gwamnatin da Ƙara Ta Haifa

A shekara ta 1867 Rasha ta sayar wa Amurka ƙasar Alaska a kan dala miliyan 7 da dubu 200. Ba wanda ya nemi jin ta bakin Tilingit da Haida, mazauna tsibirai da gaɓar kudu maso gabashin ƙasar, alhali Rashawa ba su taɓa mallakar wani abin kirki a yankin ba in ban da garin Sitka, wanda shi ma sai da aka zub da jini a 1804 kafin su zauna cikinsa.

Mutanen nan ba su da sarki guda. Iko yana hannun zuri'a ne, ana kuma bin dangin uwa. Kowa ɗan ɓangaren Hankaka ne ko na Gaggafa, kuma bisa al'ada ba a aure cikin ɓangare ɗaya. Kowace zuri'a tana da rafin da take kamun kifin salmon, da dajinta, da sunayenta da waƙoƙinta, ba mai taɓa su sai da izini. Dokar Amurka ba ta ga wannan a matsayin mallaka ba. Shi ya sa a 1907 aka kafa gandun dajin Tongass, wanda ya zo ya haɗiye mafi yawan ƙasarsu, ba tare da an biya su ko sisi ba.

A 1912 aka kafa ƙungiyar ƴan'uwantaka ta ƴan asalin Alaska. A taronta na Haines a 1929, bisa ingizawar lauya William Paul, Batilingite, aka yanke shawarar kai gwamnati ƙara. Sai dai ba a ƙarar gwamnatin Amurka sai da yardarta. Majalisar dokoki ta ba da wannan izini a 1935, kuma daga dokar nan ne Babbar Majalisar Tilingit da Haida ta samo asali, don a sami baki guda da zai yi magana da sunan zuri'o'i masu yawa. Abin lura a nan shi ne, buƙatar kotu ce ta haɗa su ƙarƙashin inuwa ɗaya, ba al'adar kakanni ba.

Shari'ar ta ja lokaci. A 1959 kotu ta amince cewa ƙasar tasu ce tun asali. A 1968 ta yanke diyyar dala miliyan 7 da rabi, wato kaɗan ya ɗara abin da aka bai wa Rasha shekaru ɗari da suka wuce. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma majalisar da aka kafa don ƙarar ba ta watse ba.

Dokar 1971 kuwa ta raba ƙasa da mulki. Filayen da aka mayar ba a damƙa su ga majalisar ba, sai ga kamfanoni masu hannun jari irin su Sealaska. Har ma a 1993 aka tsallake sunanta a jerin ƙabilun da gwamnatin tarayya ta amince da su, sai a 1994 majalisar dokoki ta gyara. Bayan haka kotun ƙolin jihar Alaska ta hukunta a 1999 cewa ƙabila tana da iko kan al'amuran iyali na ƴaƴanta ko da ba ta da yankin kanta, a 2016 kuma ta tabbatar wa kotun Tilingit da Haida ikon yanke kuɗin ciyar da yara.