Tarihin Gwajin Lantarkin Ƙwaƙwalwa a Farfaɗiyar Yara da Jarirai

Gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda ma'aikatan asibiti ke kira EEG, hanya ce ta ɗauko 'yar wutar lantarkin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke fitarwa, a zana ta layi-layi a takarda ko a fuskar kwamfuta. Ana manna wasu ƙananan ƙarafa a fatar kai su ɗauko wutar, ba sa tura komai ciki, ba kuma zafi. Da yake farfaɗiya hargitsewar wannan wuta ce, gwajin ya zama babban abin dogaro wajen gane cutar, musamman ga yaron da bai iya faɗin abin da ke damunsa ba.

Wani likita a Libaful ta Ingila, Richard Caton, shi ya fara nuna cewa akwai lantarki a ƙwaƙwalwar zomaye da birai a 1875. Wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa sai a 1924 Hans Berger, likitan ƙwaƙwalwa a garin Jena na Jamus, ya ɗauko ta daga kan wani saurayi ɗan shekara 17 da aka yi wa tiyata. Berger mutum ne mai ɓoye aikinsa, shekara biyar ya yi yana maimaita gwajin, sau da yawa a kan ɗansa Klaus, kafin ya wallafa sakamakon a 1929. Masana suka yi biris da shi, suna ganin ƙazantar na'ura ce kawai yake zanawa, har sai da Edgar Adrian da Brian Matthews na Jami'ar Kambirij suka tabbatar da maganarsa a 1934.

Shekara guda bayan haka gwajin ya nuna amfaninsa. A 1935, a Boston ta Amurka, Frederic Gibbs da Hallowell Davis da William Lennox suka gwada masu wata irin farfaɗiya da ta fi kama 'yan makaranta. Yaro ba ya faɗuwa, ba ya kumfar baki. Yana cikin magana sai ya tsaya cak, ido a kafe, na daƙiƙa kamar goma, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya bai san an yi ba. Irin yaran nan sun sha duka a hannun malamai da sunan rashin mai da hankali. A daidai lokacin kafewar, alƙaluman na'urar sai su shiga zana tsini da tudu, tsini da tudu, sau uku a kowace daƙiƙa, daga kowane ɓangare na kai a tare. Har yau da wannan zane ake gane cutar, kuma ana tsokano ta ne ta hanyar sa yaro ya yi ta jan numfashi da ƙarfi na minti uku, galibi yana hura 'yar fankar takarda.

Sai dai nan da nan aka gane cewa ba a auna kan yaro da ma'aunin babba. A ƙarshen shekarun 1930 Donald Lindsley ya bi yara yana gwada su wata bayan wata. Ya ga kaɗawar da ke fitowa daga ƙeya, wadda ke kai goma a daƙiƙa ga babba, ba ta bayyana sai jariri ya kai wata uku zuwa huɗu, kuma a lokacin uku zuwa huɗu take yi, sai wajen shekara uku take kai takwas. Zanen da zai tayar da hankali a kan magidanci, lafiya lau ne a kan ɗan goyo.

Labarin da ya fi taɓa zuciya a wannan fanni ya girmi na'urar. A 1841 wani likitan Ingila, William James West, ya rubuta wa mujallar The Lancet wasiƙa yana neman taimakon 'yan'uwansa likitoci kan ɗansa na cikinsa. Tun yaron yana wata huɗu ya fara wata irin zabura, kai ya sunkuyo, gwiwoyi su naɗo, sau da yawa a jere, sannan ci gabansa ya tsaya. Ba wanda ya iya yi masa komai. Shekara 111 bayan wasiƙar, a 1952, Frederic Gibbs da matarsa Erna suka bayyana zanen da ke tare da wannan cuta, wani hargitsi na manyan tuddai marasa tsari, suka sa masa suna hypsarrhythmia. A 1958 Sorel da Dusaucy-Bauloye a Beljiyam suka ba da rahoton cewa allurar ACTH na tsayar da zaburar, ta kuma gyara zanen. Cutar tana ɗauke da sunan West har yau, kuma iyaye kan ɗauke ta ciwon ciki ne ko firgita, alhali kowane mako na jinkiri yana iya rage wa yaron basira.

Daga nan aka shiga rarrabe farfaɗiyar yara gida-gida, bisa shekarun da take farawa da zanen da take bayarwa. Henri Gastaut a Marsai ta Faransa ya fayyace ɗaya a 1966, Shunsuke Ohtahara na Japan ya bayyana ta sababbin haihuwa a 1976, Charlotte Dravet ta bayyana tata a 1978. Rabon yana da amfani sosai, domin maganin da ke kwantar da wata yana iya tsananta wata. Tun 1958 kuma Herbert Jasper ya fitar da tsarin inda ake ɗora ƙarafan, shi ya sa ma'aikaci ke auna kai da tef, daga gindin hanci zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, yana sa alama da fensir.

Aikin jarirai sababbin haihuwa kuwa a Faris ya kafu, a hannun Colette Dreyfus-Brisac da Nicole Monod, tun daga shekarun 1950. Sun nuna cewa ƙwaƙwalwar bakwaini tana aiki ne tana tsayawa, kuma tsawon tsayawar yana raguwa yayin da yake ƙosawa, har ana iya ƙiyasta makonninsa daga zanen. Binciken da ya biyo baya, da aka haɗa gwajin da bidiyo, ya tona wani abu mai nauyi: yawancin jijjigar jarirai marasa lafiya ba a ganinta a jiki ko kaɗan, sannan wasu motsin da ake ɗauka jijjiga ce ba ita ba ce. Saboda haka ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya, ILAE, ta sa gwajin a gaba cikin rabe-raben jijjigar jarirai da ta fitar a 2021.

Gwajin yana da iyaka. Minti 20 zuwa 30 ake yi, kuma mai farfaɗiya na iya fitowa da zane mai kyau idan cutar ba ta motsa a lokacin ba. Shi ya sa wani lokaci ake hana yaro barci kafin a zo, don ya yi shi a kan gadon gwaji, ko barcin ya fito da alamar cutar a zane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi, inda wahalar haihuwa da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ke ƙara yawanta, na'urar kuma sai a manyan asibitoci. Wanda ya ga ɗansa na zabura ko kafewa, ya ɗauke shi bidiyo da waya ya kai wa likita, domin da bayanin wanda ya gani ake fara gane cutar kafin a je ga na'ura.