Tarihin Gasar Wasan Kwaikwayo na Nan-Take a Makarantu

A yau mun ɗauko tarihin wani wasa da ɗalibai suke gasa a kansa a Kanada da Faransa. Wasan kwaikwayo ne wanda ba a rubuta shi, ba a kuma haddace shi. Alƙali ne zai jefo wa yara maudu'i, su tashi nan take su gina labari a gaban jama'a. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, a wasu wuraren da wasan nan ya yi saiwa, za a tarar a cikin mutanen da wani babban harshe ya kewaye nasu ne, kamar dai yadda muke zaune a nan.

Tushen abin yana birnin Chicago na Amurka. Wata malama mai suna Viola Spolin ta yi aiki da yaran baƙi a unguwannin talakawa wajen shekarar 1939. Yaran nan kowa da harshen gidansu, Turancin wasu bai nuna ba, ga kunya. Da ta ga ba su takarda su haddace ba zai kai su ko'ina ba, sai ta shirya musu wasanni masu ƙa'ida, inda yaro zai shagala da wasa har bakinsa ya buɗe bai sani ba. A 1963 ta tattara wasannin a littafi, wanda har yau malaman wannan fanni suke komawa gare shi.

A Kanada kuwa gasar ta yi ƙarfi. A lardin Kebek, inda masu Faransanci suke zaune tsakiyar nahiyar da Turanci ya mamaye, wasu 'yan wasa biyu, Robert Gravel da Yvon Leduc, sun lura cewa ɗakunan wasan kwaikwayo ba sa cika, alhali filin hoki na kan ƙanƙara ba ya da masaka tsinke. Sai suka ɗauko siffar hoki suka ɗora wa wasan kwaikwayo. Ranar 21 ga Oktoba 1977 aka yi karawar farko a birnin Montreal. A cikin wannan shekara ce kuma majalisar Kebek ta zartar da dokar da ta ƙarfafa matsayin Faransanci a makarantu da wuraren aiki. Wasan ya fito a lokacin da mutanen suke fafutikar tsare harshensu.

Ga yadda tsarinsa na asali yake. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum shida, maza uku mata uku, da mai horarwa. Alƙali zai zaro kati ya karanta maudu'i, da yawan masu shiga, da tsawon lokaci, da kuma ko ƙungiyoyin za su yi wasan a haɗe ko kowa nasa daban. Daƙiƙa 20 kacal ake ba su su yi shawara. Idan an gama, 'yan kallo ne suke yanke hukunci: kowa yana riƙe da kati mai launi biyu, ya ɗaga launin ƙungiyar da ta burge shi. Wanda ransa ya ɓaci ma an ba shi takalmin roba ya jefa cikin fili. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne jerin laifuffukan da alƙali yake hukuntawa. A ciki akwai rashin sauraron abokin wasa, da toshe masa hanyar magana, da neman suna ta hanyar ba da dariya ba gaira ba dalili, da kauce wa maudu'i. Ƙungiyar da ta tara laifi uku, abokiyar karawarta ta samu maki ɗaya. Duk wanda ya zauna gaban malami a makarantar zaure ya san waɗannan a babin ladabin majalisa.

A wannan shekara ta 1977 ɗin dai aka fara gasar ɗaliban sakandare a birnin Ottawa, wadda daga baya ta game ƙasar. Ƙungiya ba ta wuce ɗalibi takwas, ana ba su daƙiƙa 15 na shawara da minti huɗu na wasa, waɗanda suka yi zarra a yankunansu su haɗu a Ottawa.

Daga Kebek wasan ya haye teku zuwa Faransa a farkon shekarun 1980. Can ma bai tsaya a manyan ɗakunan Faris ba, ya gangara Trappes, wani gari na ma'aikata inda 'ya'yan baƙi daga Afirka suka yi yawa. Wani mutum mai suna Alain Degois ya riƙa bi makarantu yana horar da yara. Cikinsu akwai Jamel Debbouze, ɗan iyaye 'yan Maroko, wanda hannunsa na dama ya shanye sakamakon haɗarin jirgin ƙasa a 1990. Yaron nan ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan Faransa. A 2010 aka kafa kofin ƙasa na ƙananan makarantun sakandare, da goyon bayansa. Abin bai rasa masu suka ba, domin wasu masana na can sun ce makaranta wurin karatun manyan littattafai ce, wasa ba zai maye gurbinsu ba. Mu ma ba mu ce ya maye ba.

To, mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Tashe da yara suke yi daga goma ga watan azumi, irin su Jatau Mai Magani da Tsoho da Gemu, ba wanda ya rubuta musu shi a takarda. A Nijar kuma, zamanin Seyni Kountché, ƙungiyoyin samariya sun yi ta gasar wasan kwaikwayo a bikin matasa na ƙasa, akasari da Hausa, a tsara ƙashin labari kawai, kowane ɗan wasa ya sa kalmominsa. Abin da mutanen Kebek suka ƙara shi ne alƙali da agogo da ƙa'ida, sannan suka shigar da shi makaranta ya zauna.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan tarihi ba ɓoyayye ba ne. Muna halartar zaman sulhu da ɗaurin aure, muna ganin samarinmu masu takardun shaida, idan aka ce ɗayansu ya tashi ya yi bayani da Hausa gaban dattawa, jimla biyu sai ya koma harshen boko. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Mun koya musu Hausar aike da gaisuwa, ba mu ba su wurin da za su yi dogon zance da ita ba. Harshe kuwa kamar wuƙa yake, idan ba a wasa shi sai ya dakushe.

Ba mu ce a kwafo komai ba. Ba dole a cakuɗa maza da mata ba, ba kuma dole a jefi kowa da takalmi ba. Zaure ɗaya ya isa, da malami ɗaya mai riƙe agogo, da katunan da aka rubuta karin magana a kansu a matsayin maudu'i, da sharaɗin cewa duk wanda ya saki Hausa ya yi laifi. Muna roƙon shugabannin Islamiyyoyinmu da kwamitocin iyaye su duba wannan kafin hutu mai zuwa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu dace. Wassalam.