Atisayen Kegel: Yadda ake ƙarfafa tsokokin ƙasan mara

Tsokokin ƙasan mara wasu tsokoki ne da ke shimfiɗe a gindin ƙugu, daga ƙashin mara ta gaba zuwa ƙarshen ƙashin baya. Su ne ke tallafe da mafitsara da dubura, da kuma mahaifa a jikin mace, kuma da su mutum ke riƙe fitsari da bayan gida da iska har ya kai makewayi.

Juna biyu da haihuwa, musamman haihuwa akai-akai ko doguwar naƙuda, na cikin manyan abubuwan da ke sassauta su. Sauran sun haɗa da tsufa, ɗaukewar al'ada, ƙiba, tari mai daɗewa, yunƙuri saboda taurin bayan gida da yawan ɗaukar kaya masu nauyi. A maza, raunin kan biyo bayan tiyatar furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara.

Idan tsokokin suka yi rauni, fitsari kan kuɓuce yayin tari, atishawa ko dariya, wani lokaci kuma mahaifa ta zazzago. Kunya kan hana mutane da yawa faɗa wa likita, alhali matsalar na taɓa tsarki da shiga jama'a.

Atisayen ya samo sunansa daga Dakta Arnold Kegel, likitan mata ɗan Amurka da ya wallafa bayaninsa a 1948. Ba ya buƙatar kuɗi ko na'ura.

Matakin farko shi ne gano tsokokin: mutum ya matse kamar mai hana iska fita, ya kuma ja sama kamar mai riƙe fitsari. Bayan an yi fitsari mafitsara ta zama babu komai, sai a kwanta rigingine a lanƙwasa gwiwoyi, a matse na daƙiƙa 3 zuwa 5, sannan a saki na tsawon lokacin. A hankali ake ƙarawa har daƙiƙa 10. Ana maimaitawa sau 8 zuwa 10, sau uku a rana. Idan jiki ya saba, ana iya yi a zaune ko a tsaye.

Sakin yana da muhimmanci kamar matsewar. Ba a riƙe numfashi, ba a kuma ɗaure ciki ko cinyoyi ko ɗuwawu. Haka nan ba a mayar da tsayar da fitsari ana tsakiyar yinsa atisaye, domin hakan kan bar ragowa a mafitsara, ta jawo kamuwa da cuta.

Sauƙi ba ya zuwa nan take. Likitoci kan shawarci a dage aƙalla watanni 3, a kuma ci gaba bayan nan, domin tsokar da aka daina motsawa kan koma gidan jiya.

Akwai bambanci tsakanin wannan rauni da cutar yoyon fitsari, wadda ƙofa ce da ke ɓulewa tsakanin mafitsara da farji, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Atisaye ba ya rufe ta, akasari sai tiyata, wadda ake yi a cibiyoyin gwamnatin tarayya da ke Babbar Ruga a Katsina, Ningi a Bauchi da Abakaliki a Ebonyi.

Duk wanda ke jin zafi yayin atisayen, ko ya ga jini a fitsari, ko ya yi watanni 3 babu canji, ya kamata ya je asibiti.