Daga Gangami Zuwa Takarda: Labarin Shela da Talla a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kowace ƙasa da ke da shari'a da kasuwa, tilas ne ta sami hanyar da za ta jiyar da mutanenta abin da aka hana da abin da aka kawo na sayarwa. A ƙananan garuruwan Ingila da Amurka jarida ce ta daɗe tana wannan aiki, har ma wanda ke son labarin wani gari yakan buɗe tsofaffin jaridunsa, ya ga wanda ya sa dokinsa a kasuwa da wanda bashi ya ci gidansa. To, a zamanin da za mu yi magana a kansa ba a buga jarida a Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, amma duk da haka ana shari'a, ana ciniki, kuma labari yana kai wa ga mutane. Bari mu duba yadda ake yi, mu ga kuma abin da ya auku sa'ad da takarda ta zo ta tarad da baki.

Garuruwan nan uku suna arewacin ƙasar Zamfara. Ƙaura tana bakin gulbin Gagare, ta kuwa sami sunanta daga Muhammadu Namoda, jarumin Fulani Alibawa, wanda yana cikin shugabannin yaƙin da aka ci Alƙalawa, birnin Gobir, a 1808. Zurmi garin danginsa ne, ana ce wa mai sarautarta Sarkin Zamfara, na Ƙaura kuwa Sarkin Kiyawa. Shinkafi tana arewa da Ƙaura a kan hanyar Isa, ta yi suna saboda kasuwarta ta ran Alhamis, inda ake kawo dabbobi da hatsi daga nesa. Dukansu suna ƙarƙashin Sarkin Musulmi, da Turawa suka zo kuma suka bar su cikin Lardin Sakkwato.

A da, in sarki yana da magana da talakawa sai a yi gangami. Makaɗi ya buga ganga, mutane su bar abin da suke yi su taru a ƙofar fada ko a bakin kasuwa, sa'an nan sanƙira ko wani maroƙi mai murya ya ɗaga kai ya ce Sarki ya gaishe su, kana ya faɗi saƙon. Wannan shi ake kira shela, ko yekuwa. Da shi ake faɗin ganin wata, da ranar gyaran ganuwa, da ranar da makiyaya za su janye dabbobi daga gonaki in shuka ta tsiro, da ranar da za a sake su in an kwashe amfani. Ba a yin shela sau ɗaya. Mai yin ta yakan bi unguwa unguwa, ya kuma nemi ranar da kasuwa ta cika, don mutanen ƙauye su koma da labari gida. Saboda haka kasuwa irin ta Shinkafi ita ce jaridar ƙasar, tana fitowa sau ɗaya kowane mako, kuma kowa yana iya karatunta.

Kada ku zaci wannan al'ada ce kurum ba bisa ƙa'ida ba. Shari'ar da alƙalanmu ke bi, watau ta mazhabar Imamu Malik, ta ɗora hukunce-hukunce da yawa a kan sanarwa, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani. Wanda ya yi tsintuwar abu mai daraja ba shi da ikon ya ɓoye, sai ya yi ta cigiyar mai shi har shekara guda a wuraren taruwar jama'a. An hana neman ɓataccen abu da ɗaga murya cikin masallaci, shi ya sa ake tsayawa a ƙofa bayan an sallame. Matar da mijinta ya ɓace, ba labarinsa, takan kai ƙara, alƙali ya sa a bincika. In ba a ji ɗuriyarsa ba a ɗebar mata shekara 4, sa'an nan ta yi idda. Wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa, alƙali ya tara masu binsa, a sayar da kayansa a fili, a raba musu gwargwadon abin da kowa ke bi. Ko aure ma, ana ɗaura shi gaban shaidu, a raba goro, maroƙi ya faɗa da ƙarfi cewa an ba wane wance a kan sadaki kaza. Goron nan da kowa ya sa a aljihu tamkar takardar shaida ne, gama duk wanda ya ci ba ya iya cewa bai ji ba.

Talla kuwa, kowace sana'a da muryarta. Mahauta suna da kalangu, in ka ji shi da safe wajen rumfar Sarkin Fawa ka san an yi yanka. 'Yan mata suna bi gida gida da fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli, suna tallar abin da iyayensu mata suka yi cikin kulle. Ɗan koli ya baza allura da kwalli da madubi, ɗan magori ya tara mutane da zaƙin baki kafin ya kwance ƙunshin saiwoyinsa. In ayarin Buzaye ya sauka da gishiri da kanwa da dabino, fatoma da dillali su ne ke kai labari ga masu saye, su kuma tsaya shaida in an yi ciniki, su karɓi la'ada.

Wannan hanya tana da kyau guda babba: ba ta bar kowa a baya ba. Makaho ya ji, wanda bai taɓa riƙa allo ba ya ji, matan da ke bayan danga su ma sun ji. Amma tana da aibi biyu. Na fari, ba ta da ajiya. In shaidu suka mutu, magana ta mutu tare da su, shi ya sa rigimar iyakar gona ke kai wa jikoki. Na biyu, ganga tana da mai ita. Abin da fada ba ta so a ji, ba a buga masa gangami.

A 1903 rundunar Turawa ta taso daga Kano, ta bi ta Ƙaura, ta ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Bayan 'yan kwanaki Gwamna Lugga ya tara manyan gari ya faɗa musu sharuɗɗan sabon mulki, tafinta yana juyawa da Hausa. Kun ga ashe su ma Turawa da shela suka fara. Amma dokokinsu a rubuce suke, ana buga su da Turanci cikin jaridar Gwamnati da ake kira Gazet, daga Zungeru inda hedkwata take. A ganinsu, doka in ta fito a Gazet ta hau kan kowa. To, ina manomin Zurmi ina Gazet? Sai dai Razdan ya gaya wa Sarkin Musulmi, a rubuta wa uban ƙasa wasiƙa, uban ƙasa ya gaya wa hakimansa na ƙauyuka, su kuma su sa a yi yekuwa. Magana ta bi baki huɗu ko biyar, kowane baki kuwa yana iya ragewa ko ya ƙara.

Ga misali mai nauyi. Dokar bauta ta 1901 ta hana saye da sayar da mutum, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ko da iyayensa bayi ne. Sauran bayi ba a 'yanta su gaba ɗaya ba, sai aka buɗe musu hanya su je gaban alƙali su fanshi kansu, su karɓi takardar 'yanci. Amma ku lura da waɗanda aka ba wannan labari su isar: sarakuna ne da manyan gari, su ne kuwa masu rinji da bayi. Gwamnati ita kanta ba ta so bayi su watse rana ɗaya a bar gonaki ba manoma. Saboda haka labarin ya yi tafiyar hawainiya, ba a kuwa soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Haƙƙin da mai shi bai ji labarinsa ba, kamar rijiya ce a rufe a tsakar gidan mai jin ƙishirwa.

Wajen haraji da jangali aka fara gane amfanin takarda. Da aka kafa baitulmalin En'e wajen 1911, aka yanka wa sarakuna albashi, sai aka riƙa rubuta sunayen masu biya, ana faɗin abin da aka aza wa gari a gaban jama'a, wanda ya biya kuma a ba shi rasit. Wannan 'yar takarda ita ce garkuwar talaka, don in an dawo masa karo na biyu sai ya fito da ita. Sai dai garkuwar ba ta cika tsare wanda bai iya karanta ta ba. Ana iya rubuta sule biyar a karɓi shida, ko a miƙa masa rasit na bara, ya naɗe ya sa cikin layarsa yana murna.

A 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi Funtuwa da Gusau ta iso Ƙauran Namoda, nan kuwa ta tsaya. Gari ya zama bakin tasha ga duk ƙasar da ke arewa da shi. Gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa gangarowa daga wajen Zurmi da Shinkafi da Isa a kan jakuna da raƙuma. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna da sikeli, Yarabawa da Ibo suka zo aikin reluwe da akawu. Tare da su wata sabuwar talla ta shigo, wadda ba ta da murya: allo a ƙofar kanti, da hoto a jikin gwangwani, da hatimi a kan bandir na akoko da alawayyo. Masu kamfani sun san yawancin masu sayensu ba su karatu, don haka suka dogara ga zane, mutane kuwa suka raɗa wa kaya suna da abin da idonsu ya gani, kamar sabulu mai makulli da taba mai basukur. Har yau haka muke kiran kaya da yawa.

Amma babbar sanarwa a wurin manomi ita ce kuɗin gyaɗa. Shekarar da jirgi ya iso ita ce shekarar da ciniki ya faɗi a duniya, kuɗin amfanin gona ya zube, haraji kuwa ana bukatarsa da tsabar kuɗi. Farashi yana zuwa ta wayar tangaraho daga Ikko da Kano, akawu ya sani, ɗan baranda ya sani, mai jaki da ya kwana biyu a hanya shi kaɗai ne bai sani ba. Ko bayan da Gwamnati ta riƙa yanka farashi da kanta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, sanin abin da aka rubuta da iya duba sikeli su ne suka raba wanda aka biya daidai da wanda aka ƙware.

Cikin wannan hali aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta na Hausa. Kafin ta an yi Jaridar Nijeriya Ta Arewa tun 1932, amma Gaskiya ce ta shiga hannun jama'a, da yake kuɗinta kwabo ne kuma Hausarta ta kowa ce. Tana ɗauke da labarin yaƙi, da sanarwar Gwamnati, da tallar kamfanoni, da wasiƙun masu karatu. Abin lura shi ne yadda aka riƙa karanta ta. Masu boko kaɗan ne, saboda haka malamin makaranta ko na asibiti ko wani yaro ɗan elementare yakan zauna a zaure ko gindin itace ya karanta da ƙarfi, mutane suna saurare. Watau takarda ba ta kashe shela ba, sabon sanƙira ta yi. Bambancinsa da na da shi ne, in an yi gardama ana iya cewa ya sake karantawa, ko a kai wa wani ya duba.

Daga baya abubuwa sun sāke. Rediyo ya shiga ƙauyuka, har ya zama a can ake cigiya da sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure. An rushe tsarin En'e a 1976, an yi Jihar Zamfara a 1996, wayar hannu kuma ta zo ta shiga aljihun kowa. Amma a watan Satumba 2021, saboda ta'adin 'yan bindiga, an yanke layukan waya a jihar duka na wani lokaci, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Mutanen garuruwan nan suka wayi gari ba sabuwar hanyar labari, ba kuma tsohuwar, suka koma tambayar matafiya da direbobi lafiyar 'yan'uwansu. A nan aka tuna cewa kasuwa ba wurin saye da sayarwa kaɗai ba ce.

To, ku 'yan makaranta, ga abin da za ku riƙe. Baki yana kai wa ga kowa amma yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa amma ba ta magana sai an ara mata baki. Duk wanda ya tsaya tsakanin su biyu, amana ce a wuyansa, kuma mun ga abin da ya sami bayi da manoma sa'ad da aka yi wasa da ita. Yau ma akwai tsohon da zai miƙo muku sammaci, ko takardar gona, ko rubutun da ke jikin kwalbar magani, ko saƙon da ya shigo wayarsa, ya ce ku duba masa. Ku karanta masa duka, da mai daɗi da marar daɗi, kada ku rage ko ku ƙara, in kuwa akwai kalmar da ta shige muku duhu ku kai shi wurin wanda ya fi ku sani. Ku kuma roƙi iyayenku kada su yar da tsohon rasit da takardun alƙali da ke cikin adaka, gama su ne jaridar da garuruwanmu suka bari. Allah ya sa mu zama masu isar da gaskiya, amin.