Daga Jaki Zuwa A Daidaita Sahu: Yadda Baƙon Minjibir Ke Zaga Kano

Kano birni ne da ya tashi a gindin duwatsu biyu, Dala da Goron Dutse. A kewayen Dala maƙera suka fara zama tun wajen ƙarni na 7, saboda taman da ke wurin, kuma nan tarihi ya ajiye Barbushe da Tsumburbura. Da yake ƙasar da ke kewaye shimfiɗaɗɗiya ce, manomin da ya taso daga Minjibir ko Kunya ko Wasai yakan hangi Dala tun bai iso ganuwa ba, ya san inda zai dosa. Dutsen shi ne jagoran baƙo na farko.

Jagora na biyu ita ce ƙofa. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, Muhammadu Rumfa kuma (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara. Wannan Jakarar ce ke gangarowa har ƙasar Minjibir, inda aka tare ta a madatsar Wasai. Kowace ƙofa da sarkinta, ana rufe ta da dare, wanda ya makara sai ya kwana a waje. Mutumin arewa maso gabas yakan shigo ta ƙofofin da ke fuskantar wajensa, irin su Mazugal da Wambai, ya bi lungu har Kurmi.

A wancan zamani ƙafa da jaki su ne abin hawan talaka, doki na sarauta ne da masu hali, raƙumi kuwa na Buzaye da fatake. Saboda haka aka yanka lungunan cikin gari daidai faɗin jaki da mangalarsa. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya zana birnin daga kan Dala, ya kuma ƙiyasta mazauna dubu 30, adadin da yakan ninka idan ayari ya sauka. Wannan ɗimbin baƙi ba sa yawo kara zube. Kowa yana da fatomansa, mai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya sa yaro ya raka shi. Masaƙan ƙauyuka masu kawo ƙyalle marina da kasuwa ta wannan hanya suka san gari.

Zirga-zirgar jakin nan ita ta raya gonakinmu. Da rani jakuna kan shiga birni da itace da hatsi, su fito da taki daga jujin unguwanni a zuba a gona. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa wannan musaya na daga dalilan da suka sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba ta mutu ba.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai cinikin gyaɗa ya buɗe. Tashar jirgi da kantunan kamfanoni da Sabon Gari duk a wajen ganuwa aka kafa su, da tituna miƙaƙƙu na mota. Tun daga nan Kano ta zama gari biyu, cikin gari na mai tafiya a ƙasa, waje na mai taya. Keke ne ya fara haɗa su, domin yana shiga lungu yana hawa kwalta, kuma kuɗin gyaɗa ya sa manomi ya iya mallakarsa. Bayan an ƙirƙiri jihar Kano a 1967 tituna sun ƙaru, tasi da kiya-kiya suka cika gari, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Bata da Kurna.

Matsin tattalin arzikin shekarun 1980 ya tsadar da mota da kayan gyaranta, acaba ya cike gurbin. Dubban samarin karkara sun shiga sana'ar, ɗan cirani ya koma mai nuna wa wasu hanya. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta fito da babura masu ƙafa uku domin mata su daina hawa bayan ɗan acaba, aka laƙaba musu sunan shirinta na A Daidaita Sahu. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni. Ɗan sahu ya gaji titin gaba ɗaya, gadojin sama da na ƙasa suka biyo baya a Ƙofar Nassarawa da Kabuga da Ƙofar Ruwa.

Yau wanda ya biyo ta Gezawa ya sauka 'Yankaba, zai je Kwari ko Singa ko Asibitin Murtala, da sunan ƙofa da kasuwa yake kwatance, kamar kakanninsa. Amma benaye sun tare masa Dala, an cinye ganuwa a wurare da yawa, fatoma ya ɓace, kuma ba a maye gurbinsa da komai ba. Tsohuwar da ta kawo jikanta asibiti ba ta da abin dogaro sai amanar ɗan sahu.

Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma birnin da ƙauye ya ciyar shekaru aru-aru ya kamata ya sauƙaƙa wa baƙonsa. Muna kira ga gwamnatin jiha da ta samar da manyan motocin haya masu tsayayyen layi da sanannen farashi, ta kafa allunan kwatance da Hausa a kowace tasha, ta kuma kare Dala da sauran ganuwa daga masu gini da masu haƙar ƙasa.