Daga Sarkin Ƙofa Zuwa Fasfo: Tarihin Izinin Shiga Tsakanin Kano Da Ƙasar Nijar

Abin da za mu duba a yau shi ne yadda matafiyi ke samun izinin shiga ƙasar maƙwabta, da kuma wanda ke tsaya masa idan ya isa bakin iyaka. Za mu ɗauki misalinmu daga hanyar da ta haɗa Kano da ƙasar Nijar.

Kafin zuwan Turawa, kowace ƙofa ta ganuwar Kano tana da Sarkin Ƙofa, wanda ke rufe ta da dare, ya buɗe da safe, ya kuma san mai shiga da mai fita. Ƙofar Wambai tana fuskantar Fagge, inda ayarin Azbinawa ke sauka da gishiri da dabino. Waɗannan fatake ba su riƙe da wata takarda. A kan hanya madugu ne ke magana da yawunsu, shi ke kai gaisuwa ga sarakuna, ya biya kuɗin fito. In sun iso gari kuwa, sai fatoma, watau mai masauki, ya karɓe su, ya ajiye kayansu, ya nemo masu saye, ya kuma amsa a gaban hukuma in baƙonsa ya yi laifi. Ashe ke nan izinin shiga tsohon abu ne, sai dai a wancan zamani mutum ne shaidar mutum.

Turawa ne suka zo da iyaka ta kan taswira. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say, a bakin kogin Kwara, zuwa Barruwa, a gefen tafkin Chadi. Suka sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, saboda Faransa na neman hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawaga a ƙarƙashin Tilho da O'Shee ta bi dajin tana kafa alamomi. Wannan layi mai tsawon kimanin kilomita 1,500 shi ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Daura da Damagaram. Daga nan sai kwastan da takardar hukuma suka fara maye gurbin madugu da fatoma.

Bayan ƙasashen biyu sun sami mulkin kai a 1960, sai aka shiga neman sauƙi. A 1971 suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai hedkwata a Yamai. Ranar 28 ga Mayu, 1975, aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas. A 1979, a birnin Dakar, shugabanninta suka sa hannu a yarjejeniyar da ta soke biza tsakanin ƙasashen ƙungiyar. Sharuɗɗan da ta gindaya su ne: matafiyi ya riƙe ingantacciyar takardar tafiya, irin su fasfo, da katin allurar rigakafi, ya bi ta ƙofar da hukuma ta sani, kamar Jibiya ko Illela ko Maigatari, kuma kada zamansa ya wuce kwana 90 ba tare da ya nemi ƙarin izini ba.

To, amma yarjejeniyar ba ta hana ƙofa rufuwa ba. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardun zama. Daga 1984 zuwa 1986 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a daidai lokacin da fari ya addabi Nijar, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar sunan Buhari. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, har zuwa Maris 2024. Ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, ko da yake a lokacin ɓangarorin biyu sun ba da sanarwar cewa talakawa za su ci gaba da kai-da-kawo ba tare da biza ba.

Jama'a, darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Fatoma ya san baƙonsa ido da ido, don haka amanarsu takan daɗe ko da sarakuna sun saɓa. Fasfo kuwa ƙarfinsa yana rataye ne da jituwar gwamnatoci, ran da suka ɓata sai ya zama takarda kawai a aljihu. Wanda ke ɗanɗana kuɗar wannan shi ne ɗan kasuwar Ƙofar Wambai mai jiran abokin cinikinsa daga Maraɗi, da matar da aka yi wa rasuwa a Damagaram ta rasa hanyar zuwa ta'aziyya. Saboda haka ku ma'aikata da ke riƙe da hatimi, da ku ɗalibai da za ku gaje su gobe, ku tuna cewa aikin Sarkin Ƙofa kuka gada, kuma shi kullum gari ya waye buɗewa yake yi. Hausawa dai sun ce zumunta a ƙafa take.